Asabar a Kakuri, ni da Kawu da kotun Bamako

Yau sai bayan azahar na samu fita, Umma ta ba ni man zafi in kai wa Kawu unguwar Kakuri a Kaduna don ƙafar ta sake tasar masa. Na tafi da kwamfutata a jaka saboda wani abokin aikina ya tura min fim tun shekaranjiya yana ta damuna in kalla, na ce to tunda unguwarsu Kawu sun fi mu samun wuta bari in yi caji a can in kalla gaba ɗaya.

Sunan fim ɗin Bamako, na 2006 ne, Abderrahmane Sissako ya shirya shi, haifaffen Muritaniya amma a Mali ya tashi. Ni da niyyata in sa abin kunne in kalla ni kaɗai, sai Kawu ya leƙo daga kan tabarma ya ga alƙalai da jajayen riguna zaune a tsakar gida ga mata na rini a gefe ga yara na wucewa, ya ce kai ɗan nan wace irin kotu ce wannan a cikin gida? Na ce Kawu Bankin Duniya da IMF aka kai ƙara. Wallahi ban rufe baki ba ya gyara zama ya ce juyo min da shi nan.

Shi kenan na zama tafinta. Faransanci da Bambara suke yi, fassarar Turanci na gudu a ƙasa, ni kuma ina mayar masa da Hausa, in ya yi min sauri in tsayar in koma baya, fim ɗin da bai kai awa biyu ba sai da ya kai mu magariba.

Abin da ya kama ni tun farko shi ne a gidan mahaifinsa Sissako ya kafa kotun, kuma lauyoyin da alƙalan ba 'yan wasa ba ne, masu aikin shari'a ne na gaske, shaidu ma da yawansu abin da ke ransu suke faɗa. Aminata Traoré da ta taɓa riƙe ministar al'adu ta Mali ta tsaya ta yi bayani a kan bashi, wani saurayi ya ba da labarin yadda suka ratsa Sahara za su Turai aka watsar da su a daji, aka kawo maganar jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako da aka miƙa wa 'yan kasuwa. Ana cikin wannan kuma rayuwar gidan ba ta tsaya ba, ga mara lafiya kwance a ɗaki, ga 'yan biki sun ratsa, a waje kuma an rataya lasifika mutane na zaune gindin katanga suna saurare, in sun gaji a kashe. Ni a ganina ƙarfin fim ɗin kenan, bai ɗauki talauci ya kai shi ɗakin taro ba, manyan ne ya jawo su inda ake girki da wanki su zauna su ji.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da aka kira shaida, ya zo ya tsaya, ya faɗi sunansa, daga nan bai iya cewa komai ba har ya koma. A nan Kawu ya ce tsayar. Ya ce wannan na san shi, akwai irinsa fiye da ɗari a layin nan.

Daga nan fa sai fim ya koma gefe Kawu ya karɓe. Ni na san tarihin masaƙun a takarda, cewa Sardauna ne ya tsaya aka kafa masaƙar KTL a 1957, masaƙar UNTL ta biyo a 1964, ga Arewa Textiles ga Nortex, har Kaduna ta zama garin masaƙu, na kuma san KTL ta rufe a 2002 UNTL ta tsaya a 2007. Amma ban taɓa jin shi daga bakinsa haka ba duk da a gabansa na girma. Ya ce a sashen saƙa yake, in jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki kekuna ne ke cika titi har mota ba ta samun hanya, masu abinci da masu shayi da teloli da masu gidan haya duk da albashin masaƙa suke rayuwa, kuma Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe layi ɗaya suke bi karɓar albashi ƙungiya ɗaya suke. Auduga daga Funtuwa da Gusau da ƙauyukan Zariya take zuwa.

Ya ce shi abin da ba ya mantawa 1986. Tun a ƙarshen 1985 aka yi ta muhawara a rediyo da jarida ko a karɓi bashin IMF ko kar a karɓa, mutane suka ce ba sa so, Babangida ya ce to an fasa, sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 da duk sharuɗɗan da aka gudu. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen huɗu, alhali kayan gyaran inji da sinadarin rini duk daga waje ake sayo su. A shekarar aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi, da yawa suka koma masara. Sai wuta ta lalace, baƙin man da ake hura tukunyar injin da shi ya yi tsada ga matatar mai a nan garin, sai kuma atamfar waje ta fara kwararowa ta boda. Masaƙar da ya yi wa aiki sama da shekara ashirin har yau ba ta ba shi giratutinsa ba, abokansa nawa suka rasu suna jira.

Amma fa Kawu bai yarda da fim ɗin duka ba, kuma a nan ne na fi tsayawa ina tunani. Da lauyan bankin ya taɓo maganar cin hanci aka wuce da sauri, sai ya ce a'a a dawo nan, ina namu? Ya ce Bature ne ya buɗe wa tirela boda da tsakar dare? Bature ne ya cinye kuɗin gyaran wuta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Na ce Kawu ai kun ji lauyar masu ƙara ta ce kuɗin biyan bashi ya fi na asibiti da makaranta, ko mu nan sai da muka biya dala biliyan 12 a yarjejeniyar 2005 kafin a yafe mana biliyan 18. Ya ce na ji, wa ya sa hannu aka ciwo shi, kuma me aka yi da shi? Ni dai ina ganin Sissako yana da dalilinsa, waɗancan manyan ba a taɓa tsayar da su gaban kowa ba shi ya sa ya ba su kujerar gaba, amma da a Kakuri aka kafa kotun nan dole benci ya ƙara tsawo.

Inna da ke tsince shinkafa a bakin kicin ba ta ce uffan ba sai nan. Ta ce Malam ku dai yi a hankali da atamfar China, da ita kuke ci. Gaskiyarta kuwa, Kantin Kwari take zuwa sari ta zo ta rarraba wa matan unguwa bashi, da ribar aka biya wa yara makaranta. Ta ce ko yau aka buɗe masaƙa wa ke da kuɗin sayen ta gida? Babu wanda ya ba ta amsa, ni ma ba ni da ita.

Na ba su labarin wani fim na 2001 a kan Jamaika, Life and Debt, inda masu kiwon shanu ke zubar da madara a ƙasa don ta gari da ake shigowa da ita ta karya musu kasuwa. Kawu ya girgiza kai ya ce ashe har can.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ba na wurin Kawu ba zai fahimci ko jimla ɗaya ba, alhali labarinsa ake bayarwa. Sembène na Senegal, wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwan Marseille, ya koma fim ne don mutanen da yake rubutu a kansu ba sa iya karanta littattafansa, har ya yi Mandabi da Wolof a 1968. Mu kuma muna da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa cikin kwana kaɗan, muna da Kannywood da ake kallo har Nijar da Gana da Sudan, amma ni ban taɓa cin karo da fim ɗin Hausa da ya shiga Kakuri ya tambayi abin da ya faru ba. Na san akwai maganar kasuwa, mai zuba kuɗi yana son abin da zai dawo masa da su, amma wa ya ce ba za a kalla ba? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka saki naira hirar da ake yi kenan a kowace majalisa da kowace bas.

A fim ɗin ba a yanke hukunci ba, kuma hakan ya ɓata wa Kawu rai sosai. Bayan sallar magariba ya sa na kira masa wani abokinsa da ya yi sashen rini, suka tsayar Asabar mai zuwa in zo da waya in ɗauki maganarsu, Inna ta ce ita ma sai an ɗauke ta. Tambayar farko da na rubuta ita ce wace shekara audugar Funtuwa ta daina isarsu har aka fara tsayar da injina.