Abin da aikin laburare ya koya mini game da haɗa kan jama'a

Shekarun da na yi ina aiki a wani ƙaramin laburaren gwamnati a kudancin Jihar Gombe sun nuna mini cewa yawan littattafai shi kaɗai ba ya jawo jama'a. Kantocinmu cike suke da tsofaffin littattafan da aka bayar kyauta, waɗanda da yawansu sai shekara ta zagayo ba a taɓa su ba. Abubuwan da ke cika mana kujeru su ne jaridar ranar, da teburi mai faɗi, da wutar sola wadda ba ta ɗaukewa, da kuma ƙofar da ba a biyan kuɗi kafin a shige ta.

Wannan hali yana da asali. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa a ƙarƙashin En'e (hukumar mulkin gargajiya ta wancan zamani), inda wanda ya yi boko kan karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sauran jama'a kuma suna saurare. A wannan zamanin ne Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano suka riƙa zaman muhawara a garin Bauchi a kan al'amuran mulki da ilimi. Karatu a wurinmu, ke nan, tun farko abu ne na taro, wanda ake yi a tattauna a kansa.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya shafi irin mutanen da ke haɗuwa a ɗakin. Yankinmu na Tangale ne da Waja da Tula da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, kuma kowa yana da wurin zamansa: masallaci, ko coci, ko majalisar ƙofar gida inda sa'o'in juna kaɗai ke zama. A laburare kuwa, abin da ake nema wurin mutum shi ne ya rubuta sunansa a rajista, ya kuma rage murya. Tun da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaran ƙauyuka da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba suke zuwa koyo, kuma sau da yawa wanda ke koya musu ɗalibi ne ɗan'uwansu da ba addininsu ɗaya ba, ba kuma yarensu ɗaya ba. Na sha jin matashi ya rusuna wa tsohon malami ɗan fansho ya ce, "Baba, don Allah a duba mini wannan takardar neman aiki," tsohon kuma ya gyara tabarau ya ce, "Kawo nan, ɗana." Irin wannan sanayya tana da nauyi ƙwarai a ƙaramin gari, domin ranar da jita-jita ta tashi, mutanen da suka saba zama a teburi ɗaya sukan tuntuɓi juna kafin su gaskata abin da suka ji.

Na kuma koyi cewa lokacin buɗewa yana iya korar mutanen da aka gina wurin dominsu. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma manomi yana gona, ɗalibi yana aji, 'yar kasuwa tana rumfa. Da muka fara buɗewa bayan la'asar da kuma ranar Asabar, sai fuskoki suka sauya, kuma da aka keɓe wa matan aure yini guda a mako, har waɗanda suka bar makaranta tun suna 'yan mata suka dawo neman karatun yaƙi da jahilci. Gabanin damina ma a nan malamin gona yake tara manoma a kan iri da taki.

Saboda haka nake ganin cewa idan ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ta sami ɗan abin da za ta kashe wa laburare, ya kamata ta fara da kuɗin jarida na shekara, da batirin sola, da alawus na ma'aikacin da zai tsaya har bayan isha'i. Sabon fenti da katanga suna iya jira zuwa wani kasafin.