Ƙugiyar ɗ ta daina cinye ɗigon i

'Yan uwa, daren jiya wajen ƙarfe 2 kalmar "kuɗi" ta fito mini tsaf a allon kwamfuta, kuma wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Mako uku ke nan ina fama da haruffa biyu kacal, ɗ da i, a sabon zubin haruffan da nake zanawa.

Waɗanda muke tafe tare kun san aikin: zubin haruffa masu gwaɓi, marasa ƙafa (babu 'yan ƙananan layukan ado a bakin sandunansu), kwantattu (sun karkata dama), don allunan shaguna da bana da fosta. Abin da ya tunzura ni tun farko shi ne yadda masu buga bana ke rubuta kanun Hausa da zubin haruffan Futura mai kauri, in an zo kan ƙ ko ɗ sai kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani zubin ta cusa a tsakiya, ya tsaya kamar baƙo a gidan biki. Paul Renner ya fitar da Futura a 1927 don Jamusawa, ba shi da labarin ƙugiyarmu. To mu ne za mu yi wa kanmu.

Kuskurena na farko gaggawa. Da na gama tsayayyun haruffan a FontForge, manhajar zana haruffa, sai na zaɓe su duka na kwantar da su digiri 14 lokaci guda. Masu miƙaƙƙun sanduna irin su H da l ba su damu ba. Masu zagaye kuwa sun lalace: o ta kumbura a sama ta dama da ƙasa ta hagu, ta rame a sauran ɓangarorin biyu. Wannan na san maganinsa, ka mayar da gaɓoɓin zanen, wato ɗigogin da ke riƙe da siffar harafi, can ƙurewar lanƙwasa, ka rage nan ka ƙara can da hannu har ido ya yarda. Kwana huɗu na gama da su.

Ɗ ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Ƙugiyarta hannun dama take leƙawa, kwanciyar ma can take tura ta, sannan bakin ƙugiyar ya faɗa daidai wurin da kwantarwa ke ƙara wa layi kauri. Ta zama dunƙule, ta hau kan ɗigon i. Ku duba yawan kalmomin da abin ya shafa: kuɗi, daɗi, faɗi... kai, duk inda ɗ ta gamu da i. Mai shagon abinci kuma "daɗi" zai fara rubutawa a allonsa! Ƙ da ɓ ba su wahalar da ni haka ba, domin ƙugiyarsu tana rataye ne a saman jikinsu, ba ta shiga gonar maƙwabci.

Na fara da buɗa tazara tsakanin ɗ da i. Sun rabu, amma kalmar ta tsage biyu, ana karanta "kuɗ" can "i" can. Na sauko da ɗigon, i ta zama kamar l mai tsaga. Na gajarta ƙugiyar sosai, a allo ta yi kyau, na ɗauka an gama, na kai aka buga mini bana na gwaji. Naira 18,000 ta tafi. Na rataye shi a katanga na ja baya taku talatin, ɗ ta koma d sak. Ranar ban iya cin abincin dare ba. Harafin da aka yi don a hango daga tsallaken titi, in ƙugiyarsa ta ɓace daga nesa ai ba a yi komai ba.

Abin da ya warware shi dabarar da aka daɗe ana yi wa f da i ce, inda ake haɗe su su zama zane guda. Ban haɗe nawa gaba ɗaya ba, domin in ƙugiya ta maye gurbin ɗigo mai karatu zai rikice. Na dai zana ɗ ta biyu wadda za ta riƙa fitowa da kanta duk lokacin da i ta biyo baya: ƙugiyarta ta ɗan ɗaga sama, an sirance wuyanta inda ta bar sanda, an yanke bakinta a karkace daidai da kwanciyar ɗigon, sai farin fili mai faɗi ɗaya ya ratsa tsakaninsu. Na kuma rage kwanciyar zubin duka zuwa digiri 11. Na san zubin Univers na Adrian Frutiger kwanciyarsa ta kai digiri 16, amma shi ba ya ɗauke da ƙugiya a ka. Ragewar ta sa sai na sake bin masu zagaye ɗaya bayan ɗaya, ban ji haushi ba ko kaɗan.

Yanzu "haɗaɗɗe" da "ƙaƙƙarfa" da "gaɓɓai" nake gwadawa, kuma ɗɗ na nema ta dawo da rigimar, ƙugiyar ta farko na taɓa sandar ta biyu. Manyan Ɗ da Ɓ ban taɓa su ba. Ƴ ma tana jira, don 'yan uwanmu na Nijar da ita suke rubutu ba 'y ba, kuma ba zan saki zubin nan babu ita ba. Wannan karon a takarda zan fara buga gwajin, in manna a katanga, in ja baya taku talatin ɗin.