Ruwan da muka sani ya daina zuwa a kan lokaci

Ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya fara ɗora ni a kan gora don kamun kifi, a wani rafi da ya balle daga kogin Haɗeja ya nufi tafkin Nguru. A lokacin ruwa ne kalandarmu. Cikin Agusta zai taso ya malale fadama, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya zuba ƙwai. Da hunturu ya kama, ruwa ya soma janyewa, sai mu tare bakin magudana da gura, wato tarkon kifi, da kalli, wato raga. Tarwaɗa, karfasa, bargi, ƙurungu, har mata su gaji da banda.

Baba yakan ce tun farin 1973 da na 1984 ruwan bai koma yadda ya san shi ba. Kuma ba sama kaɗai ke da laifi ba. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya tafiyar kogin, ya koma sulalowa kaɗan-kaɗan rani da damina maimakon ya cika ya kafe. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Inda na koyi iyo, yau ciyawar ta fi ni tsawo, jirgi ba ya ratsa ta, sai tsuntsaye jan-baki da ke kwana ciki suna cinye mana shinkafa.

Abin da ya karya ni dai 2022 ce. Kafin damina na je wurin Alhajin da ke sayen bandata na karɓi bashi, na sayi sabon kalli da gura masu yawa. Ya ce, "Ɗauka Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka biya ni da kifi." Cikin Satumba ruwa ya zo irin wanda ban taɓa gani ba. Da asuba na je duba gurata, ko turakun da na kafa ban samu ba. Murhun banda ya narke ya koma taɓo, shinkafar da na shuka a bayan gari ta nutse har kai.

Mutanen birni suna cewa ai masunta sun warke, ruwa ya yi yawa. Kifi kam ya zo bayan ambaliyar, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk manomin da gonarsa ta tafi ya zama masunci a dare ɗaya, wasu har da gidan sauro suke ja, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ni kuma ba ni da bakin ciniki tunda kifina na mai bashi ne tun yana cikin ruwa. Sai da na yi kaka biyu ina biya.

Tun daga nan ba na cin bashi da lissafin ruwan bara. Ba na kuma zuba gura duka a wuri ɗaya. Rabi na ajiye a ɗaki sai na ga inda ruwa ya dosa. Da ya janye nakan bi danshin da wake, abin da a da nake yi wa maƙwabcina dariya a kai. Zafi ma ya koya mini sammako, don a bazara kifin da ya kai azahar a jirgi cikinsa ya fara laushi, ga itacen banda ya yi tsada.

Shekaranjiya ina ɗinkin kalli a ƙofar gida, babban ɗana ya zo ya tsuguna. Ya ce, "Baba, abokaina sun samo mini aikin tuƙa Keke a Kano." Na ce ya bari mu ga ruwan bana tukuna. Bai ce komai ba, ya ɗauki ɗaya bakin kallin ya riƙe mini.