Wata 14 ina yi wa Pandora fuska, ko sau ɗaya ban ɗauki rula ba

A wani daren Disamba na 2009, a ɗakin da muke haya a Manchesta, abokin zamana ya ce in tura masa hoton aikin da na daɗe ina cika masa kunne da shi, wato fuskar zaɓen wasanni da nake rubuta wa wata 'yar na'ura mai suna Pandora. Na tura. Ya buɗe shi a 'yar kwamfutar aljihunsa, Nokia N810, ya kawo ta dab da hancinsa, ya mayar baya, ya sake kawowa, sannan ya miƙo min yana cewa, "Malam, wai rubutu ne wannan ko tururuwa ce ta bi ta kan allon?" Na karɓa ina dariya. Kafin in mayar masa da ita dariyar ta ƙare.

Pandora ce silar komai. Duk wanda ya riƙe GP2X, 'yar na'urar wasa ta hannu da ta riga ta fitowa, ya san irin ɗokin da aka shiga da labarin Pandora ya fito: kwamfutar tafin hannu ta wasanni, mai buɗewa kamar Nintendo DS, Linux a cikinta, kowa na da damar buɗe manhajarta ya gyara yadda ya ga dama. Ba wani katafaren kamfani ne ya ƙirƙiro ta ba, 'yan tsirarun mutane ne da suka fito daga cikin masu sha'awar GP2X da yayarta GP32, irin su Craig Rothwell a Ingila da Michael Mrozek a Jamus. An buɗe karɓar oda ranar 30 ga Satumba 2008 a kan dala 330, rukunin farko guda 4000. Abin da aka ce za ta ƙunsa kuwa na haddace shi kamar karatun allo: ƙwaƙwalwar OMAP3530 mai gudun 600 MHz, madannai 43, ramin katin SD biyu, 'yan faifan murzawa biyu, da allon taɓawa mai ɗigo (pixel) 800 a kwance, 480 a tsaye, inci 4.3.

Ku lura da yadda na jero su. Adadin ɗigon na fara faɗa, incin ya zo daga baya kamar ɗan rakiya. Haka abin ya zauna a kaina wata 14.

A lokacin ba wanda ya san takamaimai abin da mutum zai tarar in ya kunna na'urar, don haka kowa da mafarkinsa. Masu kallonta a matsayin ƙaramar laftof suna son cikakken teburin Linux da tagogi da komai. Masu wasa zalla suna son abu irin na PSP, na'urar wasa ta hannu ta Sony, ka gangara ka danna ka shiga. Waɗanda iPhone ta ruɗa, tunda ba ta daɗe da fitowa ba, sun dage sai an yi komai da shafar yatsa. Mu tsofaffin 'yan GP2X kuma GMenu2X, manhajar da ke jera wasanni a zaɓa, muka saba da ita, muna son irinta amma wadda ta ƙoshi. Ni sai na ce ba zan tsaya gardama ba, zan rubuta tawa. Na fara a Oktoban 2008, da harshen rubuta manhaja na C da kayan zane na SDL, cikin taga mai 800 da 480 cif a kan allon teburina mai inci 19.

Rubuta lambobin bai ba ni wahala ba. Har wata 'yar kwamfutar gwaji mai suna BeagleBoard na saya dala 149, saboda ƙwaƙwalwarta iri ɗaya ce da ta Pandora, don in tabbatar abin zai yi gudu a kan irin wannan ƙwaƙwalwar ta ARM. Ya kuwa yi gudu. Sai dai da me na haɗa ta? Da wannan allon dai mai inci 19. Wato na kashe kuɗin cefanen kusan wata guda don in gwada abin da bai taɓa zama matsala ba, na bar ainihin matsalar tana zaune a gabana kullum tana kallona.

Ga lissafin da ya kamata in yi a ranar farko, wanda bai fi minti biyu ba. Allona yana da ɗigo 1280 da 1024 a inci 19, wato kusan ɗigo 86 a kowane inci. Tagar da nake aiki a ciki ta kai santimita 23 da rabi a faɗi. Allon Pandora kuwa ɗigo kusan 217 ne a inci, faɗinsa gaba ɗaya bai cika santimita 9 da rabi ba, tsayinsa 5 da 'yan kai. Duk abin da na zana zai ƙanƙance sau biyu da rabi. Sunayen wasannin da na rubuta da harafi mai ɗigo 11 sun koma milimita ɗaya da ɗan ɗori. Maɓallin rufewa da na maƙala a kusurwa, mai ɗigo 16, bai kai milimita 2 ba. Ƙwayar gero ta fi shi auki. Kuma da yatsa nake sa ran mutum zai taɓa shi.

GP2X ce ta ruɗe ni, ko in ce sabon da na yi da ita. Allonta ɗigo 320 da 240 ne a inci 3.5, don haka ɗan hoton wasa mai ɗigo 32 yana cin milimita 7, ana ganinsa raɗau. Da na ji 800 da 480 sai ƙwaƙwalwata ta ce min an ba ni fili ninki biyar. Ɗigo ne aka ninka sau biyar, filin kuwa ɗan ƙari kaɗan aka yi masa. Ni kuma na tashi na yanka fulotai kamar wanda aka ba gandu: layi 6, kowane layi wasa 14, wasa 84 a shafi ɗaya, ga shafuka a sama, ga agogo da batir da alamar intanet a ƙasa. Alfahari nake da 84 ɗin nan. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya yaba, kuma yanzu na gane dalili: su ma a manyan allunansu suke kallo. Makafi ne muka taru muna yaba wa juna kwalliya.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne ba wai babu abin gwadawa ba ne. A lokacin N810 tana kasuwa tun ƙarshen 2007, ɗigonta 800 da 480 ne daidai da Pandora, allonta inci 4 da ɗan kai. Tana cikin aljihun mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya. PSP ma allonta inci 4.3 ne, da na ɗora ta kusa da tagar nan sau ɗaya da na ga bambancin da idona. Ko waɗannan babu, ai akwai rula a cikin durowa, akwai firinta a makaranta. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya ɗora tef, ni na ɗinka babbar riga har da aiki a wuya, ban tambayi tsawon mai ita ba.

Washegari na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na yanko kwalin takalmi daidai girman na'urar, wajen santimita 14 da 8, biyu, na haɗa su da salatif suna buɗewa suna rufewa. Na buga hoton allona a ainihin girmansa na manna a na sama, na zana maɓallai da biro a na ƙasa. Ina riƙe shi sai ga kuskure na biyu ya fito, kuma wannan ya fi na farko zafi don ba a gyara shi da ƙara girman harafi.

In ka riƙe irin wannan na'ura, hannayenka biyu suna ƙasa, manyan yatsunka suna kan maɓallan wasa, allon yana can sama a jikin murfi. Kafin ka taɓa allo sai ka saki hannu ɗaya, ka zaro tsinken taɓawa, ka tokare murfin kada ya koma baya. Ba wanda zai yi haka a cikin bas don kawai ya buɗe wasa. Ni kuwa duk tsarina a kan maus na gina shi. Mafi muni, na sa cikakken bayanin kowane wasa yana fitowa ne in kibiyar maus ta tsaya a kansa ba tare da an danna ba. A allon taɓawa irin na matsi babu wannan, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Sati uku na yi ina gyara yadda akwatin bayanin nan zai riƙa bayyana a hankali yana ɓacewa a hankali. Aikin baban giwa.

Da na ƙirga da maɓallin kusurwa huɗu kuma, daga wasan farko zuwa na ƙarshe a shafin nan nawa mai 84 dannawa 18 ce. A GP2X da nake rainawa ban taɓa yin rabin haka ba.

Abokin nawa ya ga na yi shiru da kwali a hannu, sai ya ce, "Mutumina, ai gara da ka gani yanzu, da sai an kawo ta fa?" Gaskiya ya faɗa, amma a daren ban so jin ta ba. Ni abin da nake lissafawa daban: na'urar da aka sa ran fitowarta kafin ƙarshen 2008 ba ta fara isa hannun mutane ba sai Mayun 2010. Wasu jinkirin ya dame su. Ni kyauta ce aka ba ni ta wata da watanni, na zuba ta a rariya.

Na rushe kusan komai na sake. Wasa 15 a shafi, layi 3 sau 5. Hotuna masu ɗigo 96, wato milimita 11. Harafi bai gaza ɗigo 24 ba. Maɓallan kafaɗa su ke canza shafi, bayanin wasa yana zaune a gefe yana bin duk inda zaɓi ya tsaya, kuma na sa wa kaina doka cewa duk abin da ba za a iya yi da manyan yatsu biyu ba tare da sakin na'urar ba, to bai shiga. Taɓa allo ya koma ƙari ga mai so. Na cire maus daga kwamfutata ɗungurungum lokacin gwaji, na saka shi a durowar da rular take, don in ya kasance a kusa hannuna zai kai gare shi ban sani ba. Kowane sabon zane kuma sai na buga shi a takarda, na manna a kwali, na miƙa hannu nesa kamar yadda ake riƙe abin wasa, in na karanta ba tare da na runtse ido ba sannan in rubuta masa lamba.

Wanda zai yi wa na'urar da ba ta fito ba fuska, ya fara rubuta girman allon da milimita a takarda ya liƙa a gaban teburinsa, adadin ɗigo ya biyo baya. Ya nemo wata na'ura da ke kasuwa mai kusan wannan girma, ko aro ne, ya riƙa jefa mata hotunan aikinsa duk mako. Kuma kada yabon wanda ya kalli aikin a babban allo ya shiga kansa, ko da mutum ɗari ne.

Da Pandora ta fito, sai ga shi masu ita ba su zaɓi ɓangare ɗaya a gardamar ba. Tsarinta a kan wani nau'in Linux mai suna Ångström aka gina shi, kuma an ba mutum zaɓi: ko teburin Xfce cikakke, inda faifan murzawa na hagu ke jan kibiya na dama ke dannawa, ko MiniMenu, jerin hotuna mai sauƙi da ake bi da maɓallan wasa. Duk wanda ya yi mafarkin laftof ya samu, mai son ya danna ya shiga wasa shi ma ya samu. Suka kuma zo da tsarin PND: manhaja gaba ɗayanta fayil guda ce, da hotonta da bayaninta a ciki, ka jefa ta a katin SD ta bayyana da kanta. Wannan ya kashe wani sashe na aikina da ban ma ambata ba, don ni na ƙirƙiro tawa hanyar jera wasanni irin ta GMenu2X, kowane wasa da ɗan fayil ɗin da za a rubuta masa da hannu. Nan ma hasashe na yi a kan abin da ba ni ke yanke shi ba, amma wannan bai ƙona min rai sosai ba, don ba rula ce za ta hana shi ba.

Tawa manhajar ta yi aiki a kan na'urar gaske ranar da na fara samun damar gwadawa, rubutun yana karantuwa, babban yatsa yana kai wa ko'ina. Amma ta iso a makare. MiniMenu na yin duk abin da tawa ke yi, tana zuwa a cikin na'urar tun daga kwali, kuma ta san PND. Waɗanda suka yi amfani da tawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ni ma bayan 'yan watanni na koma MiniMenu ban gaya wa kowa ba. Da na yi lissafin minti biyun nan a Oktoban 2008, da sigar mai wasa 15 ta kammala shekara guda kafin na'urar ta fito, lokacin da kowa ke neman abin da zai kalla.

Kwalin takalmin yana nan, ya biyo ni har gida cikin akwatin littattafai. Kwanaki ɗana ya tsinto shi, ya buɗe, ya ƙura wa takardar farko da na manna ido, mai wasa 84, ya ce, "Baba, me aka rubuta a nan?" Na karɓa na kawo dab da hancina. Ni ma ban iya karantawa ba.