Ƙarfe Huɗu Ake Rufe Ƙofa, Amma Ba Lokacin Muke Tashi Ba

Duk wanda ya ga an ja ƙofar banki da ƙarfe huɗu sai ya zaci mun tashi ke nan. Ni ma haka na zata kafin in shiga. Ashe lokacin ne za a zauna ƙirga: abin da ke cikin akwatin kowa sai ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna, in kuwa dubu ɗaya ta yi ɓatan dabo a hannun mutum ɗaya, to kowa ya gyara zama. Sau da yawa a ofis nake sallar Magariba, ƙarshen wata kuwa har Isha'i.

Na fara aikin karɓa da biyan kuɗi a kan kanta a wani banki a Kano a ƙarshen 2022, ban jima da gama hidimar ƙasa ba. Ko wata biyu ban yi ba aka shiga rikicin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Tun asuba mutane ke layi a bakin ƙofa. Na sha zagi daga bakin dattawan da suka haife ni, kuma ban ga laifinsu ba: mutum da kuɗinsa, ya kasa sayen kwanon masara. Ina komawa gida murya a dishe, ƙafa a kumbure.

A daidai wannan lokacin ne kuma aka kawo kuɗin gaisuwata. Wanda zan aura yana da shago a Kantin Kwari, shi ma rashin tsabar kuɗi ya tsayar masa da ciniki cak. Ranar Alhamis da Lahadi yake zuwa zance bayan Isha'i. Wata Alhamis yana ba ni labarin wani ɗan kasuwa daga Maradi da ya zo da tsofaffin kuɗi a jaka aka ƙi karɓa, ban san inda labarin ya ƙare ba. Farkawa na yi na ga ƙanwata tsaye a kaina tana ƙunshe dariya, shi kuwa har ya sa takalmi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a je a huta." Kwana huɗu bai kira ni ba.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ke 'yar nan, in ba za ki iya ba ki faɗa masa, ai baki aka ba ki." Abin da na kasa ke nan tun farko. Ina tsoron in ce na gaji ya ce to aikin ne matsala, don haka nake wanka, in shafa turare, in fito da fara'ar aro. A zatona ɓoye gajiyar shi ne kare aikin, alhali shi yana fassara shiruna da hamma da cewa na daina sonsa. Da ya dawo na shimfiɗa masa komai: ƙarfe nawa nake fita, me ake yi bayan an rufe ƙofa, me ya sa ƙarshen wata ba na ɗaga waya. Muka soke zancen Alhamis, muka mayar da na Lahadi bayan La'asar, lokacin da idona biyu. Zance ɗaya mai rai ya fi mana biyu na gyangyaɗi.

Maganar da ta fi wannan nauyi daga wajen gwaggonsa ta fito, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ta aiko cewa abu biyu ne ba su kwanta mata ba: matar aure da dawowar dare, da kuma albashin da ya haɗu da kuɗin ruwa. Na farkon na ji haushinsa. Na biyun kuwa ni kaina ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don Baba ma sai da ya yi jim ranar da na kawo takardar ɗaukar aiki. Tuni na kai takarduna bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ina jiran kira. Amma ban bari maganar aikin ta tsaya tsakanina da shi kaɗai ba. Na ga abin da ya faru da wata da muke aiki tare: saurayi ya yi mata alkawari a zaure, bayan biki da wata uku ya ce bai san zancen ba. Na roƙi Baba ya faɗa a gaban waliyyansa ranar sa rana cewa zan ci gaba da aiki, kowa ya ji da kunnensa. Wasu sun ce na cika zaƙewa. Wataƙila. Ni dai na fi son a ji kunya yau da a je gaban alƙali gobe.

Sai batun Asabar, wadda a da ba tawa ba ce, ta masu biki ce. Da zarar an ji kina aikin banki, kowace ƙawa sai ta sa ki a anko, ga gudummawa, ga liƙi, ga kuɗin ɗinki. Akwai watan da na yi anko uku, na kai ranar 20 ina cin bashin Umma. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin Adaidaita Sahu daga Rijiyar Zaki ya bi ta, dole na zauna da biro da takarda. Mu huɗu da muke hanya ɗaya muka ɗauki mai Adaidaita guda muna biyansa a wata. Na shiga adashen ofis, kwasata ta tafi kayan ɗaki. Anko kuwa na yanke: sai 'yar uwa ta jini ko aminiya. Sauran in je ɗaurin kai ko wuni da atamfar da nake da ita, in yi Allah sanya alheri, in dawo. Biyu sun daina gaishe ni. Na yi kewar ɗaya.

Yanzu Asabar da safe ina Islamiyya, da rana in miƙa kaina gidan maƙwabciyarmu kitso, inda nake jin duk labarin unguwa na mako guda ba tare da na tambaya ba. Wayar ofis tana cikin jaka, a kashe. Wata safiya ni da ƙanwata muka hau Dutsen Dala, wanda tun ina firamare rabona da shi. Muka zauna a sama da gurasa bandashe a leda muna kallon tsohon birni, tana nuna mini rufin kasuwar Kurmi, ina haki kamar tsohuwa. Ban tuna da lissafin kowa ba sai da muka sauko.

An sa bikin bayan Babbar Sallah. Har yanzu ba mu gama maganar girkin dare a ƙarshen wata ba. Ya ce zai riƙa tahowa da tsire, na ce za mu gani. Gwaggo ma ba ta ce ta sauko ba. Sai dai ranar Talatar da ta wuce ta kira ni da kanta, karo na farko. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "'Yata, wasu kuɗi ɗana ya turo mini tun jiya, an cire a wajensa, ni kuma ba su shigo ba. Ko za ki duba mini?"

Na ce, "To Gwaggo, turo mini lambar asusun."