Inda ginin ƙasa ya haɗu da bulo a kicin ɗinmu

Kicin ɗin gidanmu da ke Kwarbai a Zariya abu uku ne suka haɗu a jikinsa: bangon gabas tsohon ginin tubali ne tun na kakanmu, sauran bulo ne inci 6 da muka ɗora bana, sai katakon ƙofa. Ɗora bulo ba wuya. Mahaɗar ce ta ci mana lokaci.

Ginin ƙasa yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsuke. Bulo kuwa motsinsa kaɗan ne. In aka shafe mahaɗarsu da filasta kai tsaye, kafin shekara ta zagayo tsaga za ta fito daga sama har ƙasa, kyankyasai su samu gida.

Magininmu dattijo ne. Da na ce a shafe kawai, sai ya ce, "Malam, siminti ba ya riƙe ƙasa sai ka ba shi abin kamawa." Ya kankare tsohon yaɓe har ya kai ƙasa mai tauri, ya kakkafa ƙusoshi inci 4, ya shimfiɗa wayar kejin kaji da na sayo a Sabon Gari, ta haye mahaɗar kamar taƙi guda kowane gefe. Kwaɓin ma bai yi shi da ƙarfi ba, kwano 1 na siminti, 6 na yashi, don mai ƙarfi ɓamɓarewa yake yi daga jikin ƙasa. Shafi biyu ya yi, kuma tun na biyun yana ɗanye ya ja siririn layi da bakin cokalin gini daidai kan mahaɗar. Dalilinsa: in bango zai tsage, ya tsage a nan. Mako guda ana ba filastar ruwa, amma gefen ƙasa yayyafi kawai.

Cike layin ni na yi da hannuna. Kusa da wurin wanke-wanke silikon na matsa, wato abin cike tsaga mai laushi kamar roba, na lallaɓe shi da yatsa mai ruwan sabulu. Fenti ba ya kama silikon, don haka gefen katako da duk inda za a yi fenti akirilik na sa, shi ma abin cike tsaga ne amma fenti na kama shi.

Mai tayil ya so ya zagaye ɗakin duka. Ban yarda ba, bangon ƙasa bai dace da wannan nauyi ba. Tayil ya tsaya a lungun da bulo ya haɗu da ginin ƙasa, bangon gabas fenti ya samu.