Abin da sunan Reims ya koya min a ajin Faransanci

A duk shekarun da na yi ina karatun Faransanci, yanzu kuma ina koyar da shi, babu sunan garin da ya buɗe min ido kamar Reims, wani gari a Faransa. A rubuce haruffa biyar ne, amma a bakin Bafaranshe kusan "Rans" za ka ji, sautin tsakiyar ta hanci yake fita, ita "m" ɗin ba a haɗa leɓe a kanta sam, "r" kuwa daga maƙogwaro take kamar gainun na Larabci, sannan "s" ta ƙarshe a furta ta ras, alhali a Paris shiru take. Ɗalibaina kullum sai sun ce "amma Malam ai ka ce s ɗin ƙarshe ba a faɗinta", ni kuma in ce musu sunayen garuruwa ba sa bin dokar littafi, a kunne ake ɗaukarsu daga bakin masu garin. Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne mai sauƙin.

Na biyun ya fi nauyi. Sunan daga wata ƙabila ta mutanen Gaul (sunan ƙasar Faransa a zamanin da) ya fito, Remi, waɗanda suka goyi bayan Julius Caesar na Rumawa lokacin da ya zo cin ƙasar, masana kuma suna fassara sunan da "na farko" ko "na gaba". A zamanin Rumawa Durocortorum ake ce wa garin, daga baya sunan mutanen ya danne na garin, haka ma Paris ta samo nata daga ƙabilar Parisii. A nan Reims aka yi wa Clovis, sarkin mutanen Franks, baftisma wajen ƙarshen ƙarni na 5, shi ya sa ta zama wurin naɗin sarakunan Faransa, Charles na 7 a 1429 da jarumar Faransa Jeanne d'Arc tsaye a gefensa, na ƙarshe kuma Charles na 10 a 1825. A garin ne dai Jamus ta sa hannu kan miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu ranar 7 ga Mayu 1945, a wani ginin makaranta da Janar Eisenhower na Amurka ya mayar hedikwatarsa.

To duk wannan akwai shi a littattafan da muka karanta. Abin da ban gani a cikinsu ba, sai da na tono da kaina, shi ne a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Jamusawa suka matsa wa garin lamba, cikin waɗanda suka tsare shi akwai sojojin Afirka da ake kira tirailleurs sénégalais, kuma sunan Senegal ɗin suna ne kawai, daga ko'ina a Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aka kwaso su, da yawa ma ba da son ransu ba, an ɗora wa sarakuna da masu gari adadin samarin da za su kawo. Wallahi ranar da na karanta wannan jikina ya yi sanyi, yaro ya tashi a ƙauye bai taɓa ganin ƙanƙara ba a kai shi rami cikin taɓo ya mutu yana kare garin da ko sunansa ba lalle ya iya faɗa ba.

A 1924 an kafa musu mutum-mutumin tunawa a Reims, da irinsa sak a Bamako. Da 'yan Nazi suka shiga garin a 1940 suka tumɓuke shi suka tafi da shi, don ba za su iya kallon baƙar fata a kan dutsen girmamawa ba. Sai a Nuwamban 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron da takwaransa na Mali a lokacin, Ibrahim Boubacar Keïta, suka ƙaddamar da sabon da aka sake ƙerawa. Shekara 78 ke nan fa, kuma ni a ganina wannan jinkirin ya yi yawa ƙwarai.

Yanzu in zan koyar da sautin hanci da Reims nake farawa, mu maimaita "Rans, Rans" har harshe ya saba, sauran lokacin darasin kuma sai in ba su labarin 1918, ko da kuwa hakan zai ci mana rabin awa na nahawu.